Ranar da Kagoro Ke Sanya Kayan Kakanni

Duk wanda ya bar Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar jirgin ƙasa tun 1927, ya nufi Kagoro da safiyar 1 ga Janairu, zai tarar hanyar fada ta cika maƙil. Ranar bikin Afan ce, kalmar da ke nufin dutse a harshen Kagoro. Asalinsa bikin kammala girbi ne da buɗe farauta, kuma a zamanin Malam Gwamna Awan, wanda ya yi sarauta daga 1945 zuwa 2008, aka tsayar da shi a ranar sabuwar shekara.

Maharba kan fito da warki da kwari da baka, ana busa ƙaho ana kaɗa ganguna, ƙungiyoyin rawa suna wucewa bi da bi don gai da Sarki.

Yankin ya sha tarzoma a 1987 da 2011. Saboda haka ganin Kirista da Musulmi kafaɗa da kafaɗa a bakin titi guda ya fi kowace kwalliya daraja ga dattawan garin.