Kwana Biyu a Yankari da Motar Aro

A makaranta mukan koya wa yara cewa wanda ya yi laifi ya amsa laifinsa. Faɗa da baki ba wuya. Sai da muka kwana biyu a jeji da iyalinmu muka san nauyin wannan magana.

Muna da aboki, tsohon makanike, wanda ya mai da tsohuwar bas ɗinsa ɗaki. Ya cire kujerun baya, ya kafa gadon katako da kabad, ya yi wurin risho da jarkar ruwa. A Turai da Amurka irin wannan mota ba abin mamaki ba ce, har akwai filaye musamman inda iyali ke tsayawa da ita su kwana. A wurinmu kuwa duk inda ta tsaya sai yara su kewaye ta. Ita ya ba mu aro a watan Maris, muka ɗauki uwargida da yara huɗu, da tanti guda, muka nufi Yankari ran Jumma'a.

Akwai dalilin tafiyar. Babban yaronmu yana da shekara 15, ya kuwa daina hira da mu. In mun tambaye shi abu, sai i ko a'a. Uwargida ta daɗe tana cewa, "Malam, ba ka tambayarsa kome sai makin jarrabawa." Muka ga in mun fita daga gida da littattafai, watakila bakinsa ya buɗe.

Daga Bauci muka bi hanyar Gombe har Dindima, muka juya dama zuwa ƙofar Mainamaji. Daga ƙofar zuwa zangon Wikki akwai kimanin kilomita 40 cikin jeji. An keɓe Yankari domin namun daji a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauci. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 2,200.

Da muka sami izinin kafa tanti, ma'aikacin wurin ya ja mana kunne. Ya ce kada mu bar abinci a fili, kada kuma mu bar ƙofa ko taga a buɗe, gama gwaggon biri ya san mota, ya san leda, ba ya kuwa tsoron mutum. Nan take muka miƙa wa babban yaro makulli, muka ce kulle mota aikinsa ne. Ya karɓa da hannu biyu. Uwargida da 'yan mata suka kwana cikin mota, mu da samari a tanti.

Ran Asabar da sassafe muka shiga motar kallon namun daji tare da ɗan jagora. Da rani ruwa yakan ƙafe a jeji, sai dabbobi su taru wajen kogin Gaji, don haka ne lokacin ya fi kyaun gani. Muka ga gadu da 'ya'yansa suna gudu wutsiya a miƙe, muka ga gwambaza da ɓauna. Ƙudan tsando ya dame mu ƙwarai, musamman mu da muka sa baƙar riga, gama baƙi da shuɗi ne ke jan sa. Can sai ga giwaye suna ƙetare hanya. Yaron nan da ba ya magana ya matso, ya ce a hankali, "Baba, tsohuwar mace ce ke jan garke. Giwa kuma wata 22 take yi da ciki." Ba mu san ya san wannan ba. Muka yi murna a zuci, amma ba mu ce kome ba.

Da tsakar rana zafi ya yi tsanani. Bayan abinci muka ɗan kishingiɗa cikin mota, sa'an nan dukanmu muka gangara maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan yana fitowa daga ƙarƙashin dutse, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kuwa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Yara suka yi ta wasa har la'asar.

Da muka hau tudu sai muka ji 'yar auta ta yi ihu. Ga wani ƙaton biri zaune a kan motarmu da burodi a hannu, waɗansu kuma suna ta warwatsa kaya a ƙasa. Ƙwai sun fashe, garin masara ya zube, ayaba da ƙosan da uwargida ta soya babu ko alama. Mutane suka taru, waɗansu suna dariya. Kunya ta kama mu, ta kuma zama fushi. Muka juya kan yaron, muka wanke shi tas a gaban jama'a. Muka ce aiki ɗaya tak aka ba shi ya kasa, muka ce haka yake a makaranta, haka yake a gida. Bai ce uffan ba. Ya durƙusa ya shiga tsince kwanoni.

Daren nan shinkafa da gwangwanin kifi ɗaya muka ci, da doya biyu da maƙwabtan tantinmu suka ba mu. Ba wanda ya yi hira. Da yara suka kwanta, uwargida ta ce, "Malam, ƙofofin nan a kulle muka same su. Wa ya buɗe ƙaramar tagar kan gado da rana?"

Jikinmu ya yi sanyi. Mu ne muka buɗe ta don iska, muka ja labule a kanta, muka manta. Yaron ya kulle ƙofofi duka kamar yadda aka gaya masa. Gaskiyar Hausawa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Barci ya ƙi zuwa. Yaron yana kwance kusa da mu a tanti, mun kuwa san shi ma idonsa biyu. Zuciya ta yi ta kawo dalilai: ai uba ba ya ba ɗa haƙuri, ai girma zai zube, ai gobe zai manta. Amma mun yi shekaru cikin aji, mun sani yaro yakan manta bulala, ba ya manta sharrin da aka yi masa.

Da asuba ran Lahadi muka tashe shi, muka gangara bakin ruwa mu biyu. Muka ce, "Mu ne muka bar tagar a buɗe. Mun yi maka laifi, ka yi haƙuri." Ya daɗe yana duban ruwa. Sa'an nan ya ce, "Na sani, Baba. Da muka dawo na ga labulen a waje." Muka ce, to, me ya hana shi faɗa? Ya ce, "Ba na so ku ji kunya a gaban mutane."

Ashe yaron da muka ɗauka ba shi da hankali ya rufa mana asiri a daidai lokacin da muke tona nasa. Da yake a gaban mutane muka yi masa faɗa, a gaban mutane ya kamata mu gyara. Bayan addu'ar safe muka faɗi gaskiya a gaban uwarsa da ƙannensa, muka kuma je muka gaya wa maƙwabtan da suka ba mu doya.

A hanyar komawa shi ya zauna gaba. Bai zama mai surutu rana ɗaya ba, amma kafin mu kai Dindima mun ji cewa aikin likitan dabbobi yake so, ya kuma daɗe yana tsoron gaya mana.

In za ku yi irin wannan tafiya, ku je da rani, ku sa tufafi masu haske, ku ajiye abinci cikin akwati mai murfi, ku duba tagogi da kanku. In kuwa abu ya ɓaci, ku yi tambaya kafin ku ɗaga murya. Makullin motar yana hannun yaron har muka mayar wa mai ita.