Ɗigon da bai kamata a toshe ba

Idan sanyin hunturu ya kama, gidaje da dama a Maraɗi da Yamai sukan kunna tukunyar dumama ruwa ta kuran, don yara su samu ruwan wanka kafin su tafi lakwal. Daga nan ake fara ƙorafi: wai tukunyar tana ɗiga ta ƙasa. Na sha ganin maigida ya kira mai gyaran famfo ya ce a toshe wurin. Wannan ne ke ba ni tsoro.

Malamai sun san darasin: ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Lita 100 da aka dumama daga digiri 20 zuwa 60 tana ƙaruwa da kusan lita ɗaya da rabi. Ruwa kuma ba ya matsuwa kamar iska. A bakin tukunyar akwai bawul da ke hana shi komawa cikin tiyo, saboda haka ƙarin nan sai ya nemi mafita. Mafitar ita ce bawul ɗin tsaro, wanda galibi yake buɗewa idan matsi ya kai bar 7. Ɗigon da kuke gani lokacin dumamawa aikinsa ke nan. Wanda ya toshe shi ya bar matsin yana cin ƙarfen tukunya, har wata rana ta tsage da ruwan zafi a inda yara ke wanka.

To, dole ne a sa ƴar tankin nan mai shanye kumburi? A cikinta akwai roba da iska. Ƙarin ruwan yana shiga ya danne iskar, maimakon ya zube. Tana rage asarar ruwa, tana kuma sauƙaƙa wa tukunya. A ganina mai hali ya sa ta. Amma ba ta maye gurbin bawul ɗin tsaro, domin robarta tana lalacewa ba tare da kowa ya lura ba.

Abin da nake roƙon iyaye kaɗan ne. Ku jona wa ɗigon tiyo zuwa magudana. Ku murɗa hannun bawul ɗin sau ɗaya a wata, kada farar ƙasar ruwa ta daskarar da shi. In yana zuba ba tsayawa, ko tukunya tana kashe, ku sa a auna matsin famfo, ko a canza bawul ɗin.