Ƴar baƙar ayisin da ta hana mu sakat

Ƴan uwa, duk mazaunin Abuja ya san yadda zafi yake a watan Maris. A irin wannan lokaci ne tsohuwar kwamfutar ofishinmu da ke Kubwa ta tsiro da wani hali: ana tsaka da aiki sai ta mutu da kanta. A cikinta ne takardunmu da lissafin kuɗi na shekaru suke, kuma ba mu da halin sayen sabuwa.

Wasu suka ce a kai ta Banex da ke Wuse 2 a canza babban allonta, wanda masu gyara ke kira bod. Wani matashi a cikinmu ya ce, "Baba, ku yi haƙuri mu fara tambayar ta abin da ke damunta." Ya bayyana mana cewa a jikin bod akwai wata ƙaramar ayisi mai auna zafi da gudun fanka da ƙarfin wuta. Yawancin irinta kamfanonin Taiwan ne ke yin su, kamar ITE da Nuvoton, wanda ya fito daga Winbond a 2008.

Kwamfutar na aiki da Linux, sai ya sa mata manhajar lm-sensors, ya umarce ta ta nemo ayisin. Amsa ta zo: ta ga wata ayisi ta gidan ITE, amma ba ta san ta ba, lamba kawai ta nuna. Muka kashe wuta, muka buɗe akwatin, muka haska da fitilar waya. Can gefen bod muka hango ta, baƙa, kamar farcen babban yatsa, ƙurar hunturu ta rufe rubutunta. Da muka goge, lambar da ke jikinta mai farawa da IT8 ta yi daidai da wadda manhajar ta nuna.

Akwai dabarar sa Linux ta ɗauke ta a matsayin wata ƴar uwarta da ta sani. Yaron ya gwada, amma bai yarda da alƙaluman ba sai da ya kwatanta su da na BIOS, domin ayisin da aka karanta da sunan wata tana iya ba da lissafin ƙarya. Da suka dace, sai ga matsalar a fili: fanka na juyawa da ƙyar, zafi na hawa.

Muka share ƙura, muka sa sabuwar fanka. Tun daga ranar ba ta sake mutuwa ba. Da mun bi maganar farko, da mun zubar da lafiyayyen bod. Lambar ayisin kuwa mun rubuta ta a takarda, mun manna a cikin murfin akwatin, saboda wanda zai buɗe bayanmu.