Ƙasar da Ta Ɗora Ganyen Lalo a Kan Tambarinta

A gidanmu da ke Nasko ba a ware wa lalo gona. Da ruwa ya sauka yake fitowa da kansa a bayan ɗaki da gefen juji, mata su tsinko a kaɗa miya ranar da aka gaji da kuka, abin da ya rage awaki su ƙarasa. To wannan ganyen, guda uku reras, shi na tarar a saman tambarin ƙasar Bangaladash, yana zaune a kan furen bado da zangarniyar shinkafa. Yana jikin fasfonsu, yana jikin sulallansu. Har ma'aikata yake da ita, haɗe da ta tufafi, da minista mai tuta a mota.

Abin da ya kai ni can shi ne ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a Jami'ar Musulunci ta Fasaha a Gazipur, wadda Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta kafa, kuma 'yan Najeriya ba su yi kaɗan a cikinta ba. Na sauka Dhaka a watan Agustan 2023, tsakiyar daminarsu, ga ruwa ga gumi kamar an kifa wa mutum tukunya. A lokacin Sheikh Hasina ce firayim minista. Shekara guda bayan haka zanga-zangar ɗalibai ta kore ta. Faɗin ƙasar bai kai jihar Neja biyu ba, amma mutum kusan miliyan 170 ne a cikinta. Duk wanda yake kukan cunkoson kasuwar Kontagora ya je Dhaka ya gani, zai dawo ya nemi gafara. Kekuna masu ɗaukar fasinja an yi musu zane kamar kwallar amarya, 'yan a-daidaita-sahu kore shar an kewaye su da raga, kowa na danna oda, kuma ban ga an sauko an cakumi kwalar wani ba.

Kallo kam na sha shi. Baƙar fata baƙo ne a wurinsu, yara su bi ka, manya su nemi a ɗauki hoto. Ranar farko na ɗaure fuska. Amma da zarar na yi sallama sai fuskoki su saki, a tambaye ni ƙasata, a tambaye ni ko Musulmi ne ni, kafin in ankara an miƙo mini ɗan kofin shayi mai madarar gwangwani, kuma a hana ni biya. Juma'a da Asabar ne hutun makonsu, abin da ya burge ni ƙwarai. Na yi Juma'a a Baitul Mukarram, babban masallacin ƙasar, wanda aka gina da siffar Ka'aba. Hanafiyya ne su, La'asar ɗinsu sai inuwa ta yi tsawo sosai, har na riƙa duba agogo ina zaton ladan ya yi barci.

Wani abokin karatun yaron, ɗan gundumar Faridpur, shi ya matsa sai mun je ƙauyensu. Muka haye gadar Padma, mai tsawon kilomita shida da 'yan kai, wadda aka buɗe a watan Yunin 2022. Muna barin babban titi wani wari ya shigo motar. Na toshe hanci, sannan na saki, domin na san warin nan. Warin kududdufin da kakana yake jiƙa rama ne idan zai tufka igiyar shanu. Na leƙa sai ga zare fari-fari mai ruwan zinariya an shanya a kan gora, a kan dogaran gada, a kan rufin kwano, tun daga nan har inda ido ya tsaya.

Mahaifin abokin nasa, dattijo ɗaure da zane irin na mazansu, ya kai ni gona. Itatuwa siri-siri a cunkushe, sun ninka tsayina. Na tsinki ganye na murza, ya yi yauƙi a yatsa. Na ce wa ɗan ƙanwata, “Kai, wannan ai lalo ne.” Ya ce, “Kawu, shi ne. Su kara suke nema, shi ya sa suke shuka shi a matse don kada ya yi rassa.” Su “pat” suke kiransa. Ana shuka shi wajen Maris zuwa Afrilu, a yanke bayan wata huɗu, a ɗaure dami-dami a danne a ruwa kamar mako biyu ko uku har ɓawon ya saki. Daga nan mutum ya shiga ruwa iya ƙugu yana saɓule zaren yana ɗauraya, mata kuma na bakin hanya suna yin nasu a zaune. Karan ma ba a zubarwa: girki, shinge, har gawayinsa ake kai wa Sin. Dattijon ya nuna mini ƙafafunsa, duk ruwa ya ci tsakanin yatsun. Zaren nan shi ne buhun algarara. Shi ne buhun da aka jera aka yi dalar gyaɗa a Kano, shi ne wanda 'yan albasa suke nema ido rufe har gobe. Na yi shekara hamsin ina ganin algarara ina kuma shan miyar lalo, ban taɓa sanin uwarsu ɗaya ba.

Da muka koma gida aka shimfiɗa tabarma. Shinkafa fara, romon wani ɗan ƙanƙanin wake, kifi, da ganyen lalon da aka soya da tafarnuwa da barkono, ba yauƙi ko kaɗan. Da hannu suke ci kamar mu. Illarsu ɗaya, ba sa jin “na ƙoshi”. Kana janye kwano ana ƙara maka. Man da suke girki da shi yana hawa hanci, kwana uku ina fama. Maimakon goro, wani ganye suke naɗewa da farar ƙasa su tauna, baki ya yi ja, su tofar ko'ina, wannan kam bai yi mini ba. Girmama manya kuwa sai dai a ce masha Allahu. “Kai” ɗinsu hawa uku ce: ta babba daban, ta tsara daban, ta yaro daban. Saurayi ba ya zuƙar taba a gaban dattijo, ko da bai san shi ba. Yaron da ya kawo mu yana shiga ya sunkuya ya shafi ƙafar mahaifinsa. Na ɗan kau da kai, domin a ganina durƙuson da muke yi ya wadatar, amma na tuna samarinmu na yanzu da ke gaida uba hannu ɗaya a aljihu ɗaya riƙe da waya, sai na ja bakina.

Bayan Isha'i na tambayi dattijon abin da ke raina: me gwamnati take yi muku? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a wasu shekarun ana ba su ɗan iri da taki kyauta, wanda bai isa rabin gona ba, yawancin irin ma daga Indiya yake zuwa. Ya ce abin da ke karya su shi ne lokacin kaka: ga bashin 'yan ƙwadago, ga kuɗin makaranta, dole ka sayar wa ɗan baranda a yadda ya ga dama, shi ya kimshe a sito, bayan wata uku farashi ya tashi. Na ce masa to ai kamar a kasuwar Salka kake ba ni labarin wake. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan karin maganar ma ita ce tarihin ƙasar. Zamanin Turawan Ingila manoman Bengal ke noma, masaƙun garin Dundee na Birtaniya da na Kalkata ke cin riba. Da aka raba Indiya a 1947, gonakin suka faɗo Gabashin Pakistan, wato Bangaladash ta yanzu, masaƙun suka tsaya a Kalkata. Sai attajiran gidan Adamjee suka kafa masaƙa a Narayanganj a farkon shekarun 1950, ta zama mafi girma a duniya a wannan sana'a. Algarara ta zama babbar hanyar samun kuɗin waje ga Pakistan, amma mutanen gabas suna gani ana gina yamma da guminsu. Wannan ƙorafi yana cikin abin da Sheikh Mujibur Rahman, jagoran mutanen gabas, ya riƙe har aka kai ga yaƙin 'yanci na 1971. Shi ya sa ganyen ya hau tambari.

Da aka samu 'yanci, a 1972 gwamnati ta ƙwace masaƙun ta zuba su ƙarƙashin hukuma guda, BJMC. Niyya mai kyau, amma mun san yadda kayan gwamnati ke ƙarewa. Injuna suka tsufa ba a sauya ba, aka cusa ma'aikatan alfarma, kuɗin sayen zare ba ya fitowa sai kaka ta wuce kaya ya koma hannun 'yan sito, ga buhun leda ya shigo duniya da araha. Aka rufe Adamjee ranar 30 ga Yunin 2002. A Disambar 2019 ma'aikatan masaƙun Khulna suka shiga yajin cin abinci saboda haƙƙoƙinsu, har aka rasa rai. A Yulin 2020, ana tsakiyar korona, gwamnati ta rufe masaƙunta 25 gaba ɗaya, ta sallami ma'aikatan dindindin kimanin 25,000, ta ce ta ware wajen taka biliyan 50 na kuɗinsu don biyansu, ga mafi yawansu rabi a hannu rabi a takardun ajiya. 'Yan wucin gadi, waɗanda suka yi shekaru suna jiran a tabbatar da su, su suka fi shan wuya. Wanda ya ja mu a keke daga tasha ya ce shi ma tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Ina jinsa ina tuna ma'aikatan masaƙun Kakuri a Kaduna. Bambancin dai su an kira su an ƙirga musu wani abu. Namu da yawa sun mutu suna jira.

Abin da na ga ya yi aiki, kuma shi ne na ɗauko a raina, doka ce. A 2002 Bangaladash ta haramta ledar cefane, ita ce ta fara a duniya, bayan sun ga yadda take toshe magudanai lokacin ambaliya. A 2010 suka yi dokar da ta wajabta zuba shinkafa da alkama da masara da taki da sukari a buhun algarara, daga baya aka ƙara kaya har suka kai 19. Ba wai ana bin ta sau da ƙafa ba, da idona na ga leda tana yawo a kasuwannin Dhaka kamar a namu. Amma dattijon ya ce duk shekarar da hukuma ta matsa wa masu injin shinkafa, yana gani a farashin zarensa. Indiya ta riga su, tun 1987 take da irin wannan doka, kuma tana da kamfanin gwamnati da ke sayen zare a ƙayyadadden farashi idan kasuwa ta faɗi. Wannan ne manomin Bangaladash yake hange a ƙetaren iyaka yana haɗiyar yawu. A ganina, tallafin da ya fi buhun taki shi ne mutum ya shuka yana da tabbacin mai saye. Taki a siyasa ake raba shi, mai saye kuwa kowa ya kai kaya zai same shi.

Ba su tsaya nan ba. Suna da cibiyar bincike ta lalo. A 2010 wani masaninsu, Maqsudul Alam, ya jagoranci gano tsarin ƙwayoyin halittar shukar, firayim minista da kanta ta sanar a majalisa. Wani kuma, Mubarak Ahmad Khan, ya ƙirƙiro leda daga zaren, mai ruɓewa a ƙasa, sai dai har na baro ƙasar ban ga ana zuba wa kowa tumatir a cikinta ba. Tun 2017 suke bikin ranar lalo ta ƙasa duk 6 ga Maris. Da duk wannan, ɗinkin tufafi ya daɗe da karɓe sarautar, shi ke kawo sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin abin da suke fitarwa, algarara kuwa tana kai-komo a wajen dala biliyan ɗaya a shekara. Filin Adamjee ma yanzu kamfanonin fitar da kaya ne a cikinsa.

Mu ma fa mun taɓa gwadawa. A shekarun 1960 an kafa masana'antar buhu a Jos da Badagry da nufin a riƙa saƙa ramarmu, duk suka bi hanyar dalar gyaɗa. Yau masu fitar da koko da yazawa daga Najeriya sai sun sayo buhu daga Bangaladash ko Indiya da dala, alhali ga rama tana fitowa a kan iyakar kowace gona daga Nasko har Auna, ga ruwan Kainji da fadamun da za a jiƙa ta. Mun mayar da ita ta kwaɗo da dambu. Igiyar ma yanzu ta roba ake saya wa saniya.

Da na dawo na kawo wa mahaifiyata jakar hannu ta algarara mai ado. Ta juya ta, ta sansana, ta ce, “Duk tafiyar nan buhu ka je ka sayo mini?” Damina na zagayowa na share wani ɗan fili a bayan gida, na watsa irin lalo a matse yadda na ga suna yi, don in ga ko namu zai yi tsawon nasu. Na gargaɗi yara, na kafa ƙaya saboda awaki. Ya kai gwiwa ke nan na yi tafiyar kwana biyu Kontagora. Ina dawowa na tarar an aske shi tas, uwargida ta ajiye mini tuwon dawa, ta ce bana kam lalon nan ya yi kyau.