Ramuka Shida a Gonar Aro

A ƙasarmu ta Makoda babu filin banza. Daga Koguna har ka doshi Ɗambatta gona ce ke bin gona, abin da ya raba ta wane da ta wane bai wuce layin gamba ko 'yar hanyar ƙafa ba. Da damina, in ka kauce taku ɗaya ka taka shukar wani. Shi ya sa mu yaran ƙauyenmu ba mu da wurin wasa sai bayan kaka, idan an girbe gero da dawa, an cire gyaɗa, an kwashe kara. Daga nan har zuwa saukar ruwa ƙasa takan zama fayau, sai gawo da ɗorawa nan da can.

A irin wannan lokaci ne, bara waccan, wani kawunmu ya koya mana ƙwallon lambu, wato golf. Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a birnin Kano yana ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna a filin golf na wajen Bompai, wanda ke nan tun zamanin Turawa. Abin da ya dawo da shi gida sanda biyu ne na ƙarfe da ƙwallaye huɗu da suka dafe. Da muka ji sunan wasan sai da muka yi dariya, don mu a wajenmu lambu wurin tumatir da albasa ne, irin na bakin dam ɗin Tomas.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. 'Yar ƙwallo ce mai tauri, ba ta kai ƙwan kaza ba, za ka riƙa bugunta har ta faɗa rami, wanda bugunsa ya fi kaɗan shi ya ci. Cikakken fili ramuka 18 ne, faɗin kowane rami ya kusa santimita 11, kuma doka ba ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 ba. Mu kuwa mu 23 ne a kan sanda biyu. Muka binne gwangwanaye shida, muka kafa karan dawa da tsumma a matsayin tuta.

Gonar ta wani dattijo ce da muke kira Baba. Da Kawu ya kai mu roƙo, sharaɗi biyu ya gindaya. Ya ce, "Ku yi wasanku. Amma kada rami ya kwana a buɗe. Ranar da jakuna suka fara kawo taki kuma, ku mayar mini da gonata yadda kuka same ta." Muka ce, "Mun ji, Baba," har muna haɗa baki.

Kawu ya ce a zamaninsa abin da ke kewaye da rami a filayen arewa yashi ne da aka cakuɗa da baƙin mai, domin ciyawa ruwa take sha ba kaɗan ba, kuma duk rukunin da ya wuce sai an share yashin an daidaita wa na baya. Nan take muka ce za mu roƙo baƙin mai wajen mai gyaran babur. Ya harare mu. "A gonar mutane? Wa zai ci geron?" Dole muka riƙa ɗebo yashi daga rafi, mu yayyafa ruwa, mu ja guntun katako a kai har ya kwanta.

Abin da ya fi nacewa a kai shi ne kuɗin ƙungiya. Ya ce a Kano 'yan kulob ne ke biyan kuɗi, su zaɓi shugabanninsu, daga asusun nan ake sallamar ma'aikata da gyaran fili. Mu ma muka zaɓi shugaba, muka ba wanda ya fi mu iya lissafi ma'aji, da littafi da akwatin katako. Naira 100 kowace Juma'a. Kullum kuma mutum biyu ne za su bi ramuka kafin magariba su rufe su da faffaɗan dutse.

Makonnin farko abin gwanin sha'awa. Daga baya sai "zan kawo mako mai zuwa" ta shigo. Ba za mu nuna kowa da yatsa ba, domin har da masu wannan rubutu a ciki. Ɗari ba ta gagare mu ba, awara da katin waya suka cinye ta. Shi kuma ma'aji yawancinmu yayyensa ne, in ya buɗe littafi aka ce masa, "Kai, ƙane, ni za ka bi bashi?" sai ya rufe. Rufe ramuka ma haka. Ana kiran salla kowa ya watse, kowa na zaton wani ya rufe.

A mako na goma, tunkiyar wata tsohuwa da muke kira Iya ta zura ƙafar gaba a rami na huɗu, ƙafar ta karye. Iya mijinta ya rasu, tunkiyar nan take kiwo don ta sayar da Babbar Salla. Aka kira mai ɗori, aka kuma kira mu ƙofar gidan mai unguwa. Da ma ta zage mu da ya fi mana sauƙi. Cewa kawai ta yi, "'Ya'yana, ni ban ƙi wasanku ba. Amma wannan ita ce asusuna."

Mai unguwa ya yanke mana naira 15,000, kuɗin ɗori da magani da dusa da faɗuwar da farashinta ya yi. Shugabanmu ya ce, "Ranka ya daɗe, muna da asusu." Aka kawo akwati. A lissafi ya kamata a sami 23,000. Da aka ƙirga, 6,400 ne. Mai unguwa ya sa ma'aji ya karanta littafin da ƙarfi, suna bayan suna, da makonnin da ake bin kowa, iyayenmu na zaune suna ji. Washegari Baba ya aiko a tone gwangwanayen.

Kwana biyu muna gunaguni cewa manya ba sa son ganin yara suna wasa. Malaminmu na tarihi ne ya ji mu, ya ce rigimar mai wasa da mai neman abinci a kan fili ɗaya ta girmi kakanninmu. Ya ba mu labarin St Andrews, wani gari a bakin teku a ƙasar Sukotland, inda fitaccen tsohon filin golf yake. Tun 1552 aka rubuta wa mutanen garin haƙƙin yin wasa a filin. Nan ne ma a 1764 aka rage ramuka daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi daga baya. Amma a 1797 bashi ya ci majalisar garin, filin ya fita daga hannunta, masu kiwon zomo suka samu shiga. Zomaye suka yi ta haƙa ramuka, aka yi ta shari'a kusan shekara 20, sai a 1821 wani mai hali, James Cheape, ya sayi filin ya bar wa 'yan wasa. Har yau, in ba wata babbar gasa ba, ba a golf a tsohon filin ranar Lahadi, mutanen gari ne ke shiga su sha iska.

Mun tafa wa James Cheape. Sai ƙaramin cikinmu ya tambaya, "Malam, to masu zomon fa, me suka ci bayan nan?" Aji ya yi tsit. Mu da muke riƙe da sanda, mu ne kuma 'ya'yan masu zomon. Geron gonar Baba da tunkiyar Iya su ne irin abin da ke biya mana kuɗin jarrabawa.

Mu ma mun kusa samun mai ceto. Ɗaya daga cikinmu, mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya ce zai cika sauran kuɗin, amma sandunan su koma gidansu, shi zai riƙa faɗin wanda zai buga. An ja magana sosai, domin tayin ya shiga ran da yawanmu. Da aka ɗaga hannu, 14 suka ƙi, 9 suka yarda. Saboda haka Asabar uku a jere muka tafi lambu tsinkar tumatir da dakon kwanduna, muka cika 8,600 da suka rage. Mutum biyar suka fita daga ƙungiyar, ba mu kuma ga laifinsu ba.

Da muka koma wajen Baba neman afuwa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce lokacin taki ya yi, jakinsa kuma ya tsufa. Muka gane karatun. Mu muka kai takin da buhuna, muka baza, muka cike duk inda muka taɓa haƙawa, muka kwashe yashin rafi har da tsintsiya.

Bayan kakar bara ya sake ba mu aron gonar, amma ramuka huɗu kawai. Maƙeri ya yi mana murafen ƙarfe da 'yar sarƙa. Yanzu wanda ake bi ko da mako ɗaya ba ya taɓa sanda, ko shi ne shugaba. Ma'aji ba ya zuwa karɓar kuɗi shi kaɗai, kuma ƙarshen kowane wata ana karanta littafin a gaban kowa. Kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tara ba a taɓa shi, mun sa masa suna kuɗin tunkiya. Ba daɗi ne da tsarin ba. Akwai Juma'ar da gwanin cikinmu ya zauna a gindin gawo yana kallo, saboda naira ɗari.

Iya ba ta sayar da tunkiyar ba, ba wanda ya yi mata tayin kirki. Tana nan tana ɗingishi, ta kuma haifi 'yan biyu. Gonar kuwa aron shekara-shekara ce. Babban ɗan Baba zai yi aure, an fara zancen a yanka masa wurin gini ta gefen yamma, daidai inda raminmu na farko yake. Kawu ya ce mu bari a girbe dawa tukuna, sannan mu je mu gaida Baba.