Rumde Ajiya: Na Zo Biyan Bashin Baba



Jirgin ƙasa na dare ya ɗauko ni daga Yawunde ya sauke ni a Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, daga nan na shiga mota zuwa Garwa. Ko da muka hau gadar Binuwai, Baba ya kwana biyu a makwancinsa. Watan Afrilu ne, rana ta take, kogin ya janye ya bar farin yashi. Tunda jana'iza ta wuce ni, sai na ɗaura niyyar neman masu binsa bashi, domin ba a raba gado sai an sauke wa mamaci wannan nauyi.

Unguwarmu ita ce Rumde Ajiya, wadda ake rubutawa Roumdé Adjia da Faransanci. A Fulatanci, rumde shi ne rinji, ƙauyen da bayi ke yi wa iyayengijinsu noma a zamanin da. Ikon Allah, a nan aka haifi mutumin da bai taɓa iya zama a ƙarƙashin kowa ba.

Baba ya fara da dako a tashar jiragen ruwa, lokacin da jirage ke haurowa daga Nijeriya da damina su kwashi auduga da gyaɗa. Da motoci suka ƙwace kasuwar, aka kuma gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, sai ya koyi tuƙi. Ya ja babbar mota zuwa Marwa da Kuseri, ya aje, ya yi fataucin goro tsakanin Yola da Mubi, ya aje. In maigida ya ɗaga masa murya, sai ya miƙa makulli ya yi sallama. Abu biyu kaɗai ke tsayar da shi wuri guda: salla, da filin ƙwallon unguwarmu da aka gina a 1978. A Nuwamban 2008, da Coton Sport ta tashi 2 da 2 da Al Ahly ta Masar a wasan ƙarshe na zakarun Afirka, kofin ya tafi Alƙahira, amma Baba ya dawo gida yana murna muryarsa a dishe. An sabunta filin don gasar Afirka da aka buga a farkon 2022, ya zama kamar ba shi ba.

Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta: wannan 'yanci nasa Inna ce ta biya kuɗinsa. Da kaskon ƙosai ta sa mu makaranta. Ya kan yi wata uku ba labari, ya dawo da dabino da hira mai daɗi, aljihu wayam. Na girma da jin haushinsa.

Kwana uku ina zaga unguwa a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya ina tambaya. Mai shayi ya buɗe littafinsa ya nuna mini sefa 4,500, na biya. Mai faci ya ce ya yafe. Daga nan labari ya juya. Wani direba mai furfura ya ce Baba ne ya ɗauke shi yana maraya ya koya masa tuƙi. Wata tsohuwa ta ce tun rasuwar mijinta, kowace kaka buhun dawa na sauka a ƙofarta. Na ji raina ya ɓaci, domin a shekarun nan mu ma muna bukatar buhun.

Da dare na kai wa Inna ƙara. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Na sani. Ni nake auna masa. Ubanka iska ne, ba a ɗaure shi, amma bai taɓa kawo haram gidan nan ba."

Ban ce Baba ya kyauta a kan komai ba. Haƙƙin iyali yana gaba da kyauta a waje, kuma ina roƙon magidanta su riƙe wannan. Amma wanda ya zo biyan bashi ya tarar ana bin mamaci da addu'a, ba ya komawa da haushin da ya zo da shi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya saka wa Inna da Aljanna. Ku sa shi a addu'arku, ku kuma nemi bashin mamatanku ku biya. Wassalam.