Ina ruwan wankinmu ke kwana?

 

Mu biyar muka tashi daga Maraɗi cikin watan Janairu, ɗari na busawa, za mu Yamai bikin ɗiyar wata ƴar ƙungiyarmu. Tafiyar ta fi kilomita 600, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, mun isa ƙafafu a kumbure. Biki ya yi kyau, amarya ta tare lafiya, Allah shi ba su zaman lafiya. Amma abin da ya biyo mu har gida wata ƙorama ce da ke ratsa tsakiyar birnin, ana ce mata Gunti Yena.

Daren da muka sauka, matar da ta karɓe mu ta sayo salati da tumatir. Muka ga ta ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta sake ruwa, ta ɗiga ruwan jabel ta bar shi ya jiƙa, sannan ta ɗauraye. Babbarmu, wadda duk muke ce ma Inna, yunwa ta kama ta, ta ce: "Ke ɗiyata, wanga wanki hwa? Salatin sai ya tsuhwa cikin roba?"

Matar ta yi dariya ta ce: "Inna, in kinka ga inda ya hito, ke ma ba ki gaggawa. Gobe in kai ku."

Da safe kuwa ta cika alkawari. Gidanta ba nisa da kasuwar Katako, muka taka da ƙafa muka gangara ta wajen filin wasa na Seyni Kunce. Sai ga mu cikin wani kwari, birni na sama ta dama da hagu, motoci na wucewa bisa gadoji, mu muna ƙasa. Daga nesa wurin gwanin kyau. Ga itatuwa, ga fangalin salati da shu da yalo kore shar, ga masu sayar da dashen furanni. Da muka matsa kusa, hanci ya riga ido ba da labari.

Ruwa ne ke gudu a tsakiya, baƙi, da kumfa a kai. Leda ta sarƙe cikin ciyawa, ga robobin lemo, ga tsumma, ga tsohon takalmi. Muka tambayi junanmu: damina ta wuce da wata uku, ina ƙorama ta samu ruwan gudu? Ba mu daɗe ba muka ga amsa. Kowace ƴar tazara akwai bakin kwata da ke tsiyayo ruwa daga unguwanni: na wanka, na wanki, na wanke-wanke, na masu wankin mota da masu abinci, har da abin da ba a faɗi a gaban tuwo.

Muka tarar da wani dattijo da garwa biyu yana ɗiba yana ban ruwa. Muka gaishe shi, ya amsa da Hausa. Inna ba ta iya ɓoye magana, ta ce: "Malam, da wanga ruwa kuke shayar da abin da mutane za su ci ɗanye?"

Ya aje garwa ya dube mu. Ya ce: "Hajiya, ni ban zuba komi cikinshi ba. Daga gidaje yake taho mani. Ku duba ƙahwahuna, ni ne na hwarko da yake ci. In na bari, mi ɗiyana za su ci?"

Muka duba. Ƙafafun duk sun tsage. Babu wadda ta ƙara cewa uffan. Mun taho da niyyar ganin laifin masu lambu, sai muka ga mutum yana neman halalinsa cikin abin da wasu suka zubar.

Wannan kwari ya girmi birnin da ya kewaye shi. Can da, Yamai ƴan ƙauyuka ne a bakin kogi. A 1926 Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka maido shi nan. Da suka zo tsara gari, sai suka mai da Gunti Yena iyaka. Tudun da ke yamma, wanda har yau ake ce ma Filato, suka gina ofisoshinsu da gidajensu. Ƴan ƙasa kuma aka bar su ta gabas, inda tsofaffin unguwanni suke, har da Zango, masaukin fatake Hausawa. A tunaninsu kwarin zai tsare su daga cututtukan baƙar fata. Turawa sun tafi, gari ya yi ta faɗi, ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 1 a Yamai. Ƙoramar da aka mai da iyaka yanzu tana tsakiyar gari, kuma ƙazantar tudun nan biyu cikinta take haɗuwa. Ruwa bai san unguwar manya da ta talakawa ba.

Muka bi ta har ƙarshe. Ta wuce ta gefen gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, ta je ta faɗa kogin Isa, wanda wasu ke ce ma Kwara, kusa da otel ɗin Gawai da gadar Kenedi. Gawai ɗin ma sunan tsohuwar unguwa ce ta bakin kogi, gadar kuma tun 1970 take. Mun yi mamakin ganin kogi cike a tsakiyar ɗari. Aka ce mana ruwan daminar ƙasar Gine ne, sai ya yi watanni a hanya kafin ya iso Yamai. Muka tsaya muna kallon baƙin ruwan ƙorama yana shiga cikinsa, ya ɗan yi tafiya da launinsa, sannan ya ɓace.

Ɓacewa ga ido ke nan kawai. Ruwan famfon Yamai a Gudel ake jan shi, sama da wannan wuri. Amma ƙasa da shi akwai masu wanki a bakin kogi, akwai masunta, akwai lambunan Gamkalle da gonakin shinkafar Saga, akwai ƙauyukan da mata ke ɗiba su kai randa. Abin da mace ta watsar a ƙofar gidanta da safe, wata ce za ta sha shi da marece, ba su san juna ba.

A mota muna komowa, muka yi ta zancen mutanen Yamai da ƙazantarsu. Sai ƙaramarmu, wadda ba ta cika magana ba, ta ce: "Yaya, to mu namu ruwan wankin ina yake kwana?" Motar ta yi tsit. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu ma muna da namu, Gulbin Maraɗi. Daga ƙasar Katsina ta Najeriya yake tasowa, ya bi ta Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya shigo Nijar ta ƙasar Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya ya shiga gulbin Rima. Rima kuwa ta Sakkwato yake bi, ƙarshensa kogin Isa. Ashe ruwan Gunti Yena da na Gulbinmu, komi daɗewa, wuri guda suke gamuwa.

Kuma duk ɗan Maraɗi ya san Gulbi ba abin wasa ba ne. Sarakunan Katsina da suka baro garinsu bayan jihadi, a cikin fadamar Gulbi suka zauna, inda akwai ruwa da duhun itace da ƙasar noma. Nan tsohon gari ya yi shekara sama da 100. A 1945 ambaliya ta cinye shi, aka tashi mutane aka maido su bisa tudu, inda muke yanzu. Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka, Limanci, Maradawa, Ɗan Gulbi, duk nan kakanninmu suka sake kafa gida. Mun hau tudu mun tsira, sai muka juya ma Gulbi baya muka mai da shi bayan gida.

Sati guda da komowarmu muka sa takalmi muka bi kwatar unguwarmu, kamar yadda muka bi ta Yamai. Daga ƙofar gidajenmu ta fara. Ta bi lungu, ta haɗu da wata, ta shiga wani kwazazzabo da ruwan damina ya ƙwaƙule, ta nufi fadama. Kwazazzabon cike yake da shara, ana jiran ruwan farko ya kwashe. A ƙasa kuwa ga lambuna, ga rijiyoyi gajeru waɗanda guga ba ya nisa ya taɓo ruwa. Tumatir da salatin da muke saye a kasuwa, da yawansu daga nan suke.

Abin da ya fi yi mana ciwo, mun gane kayanmu. Ga ledar ƙosai, ga ta ruwan sanyi da ta bisab, ga shuɗin ruwan rini ya bi ƙasa, ga farin tabon soda inda mai haɗa sabulu ke wanke robobinta. Duk sana'o'in da muke ɗaukar bashin asusu muna yi ne. Riba na shigowa ta ƙofa, muna fitar da cuta ta kwata.

Kuma cutar ba ta tsaya can ba, tana komowa. Leda ta toshe magudana, ruwan sama ya rasa hanya ya shiga ɗaki. Wa ya manta ƙarshen watan Agusta na 2024, da ruwa ya rushe gidaje a Maraɗi har aka rasa rayuka? Ruwan ya yi yawa ƙwarai, ba mu ce leda ce kaɗai ba, amma hanyar da aka toshe ba ta taimaki kowa ba. Akuya ta ci leda ta rame ta mutu, jarin shekara ya tafi. Ruwa ya kwanta a lungu, sauro ya samu gidan haihuwa. Kashin yaro ya bi kwata ya kai rijiya, zawo ya zagaye gida. A 2018 cutar zawo da amai ta ɓarke a ƙasar Madarunfa, cikin wannan kwari namu. Ku buɗe littafin ƙungiyarku ku duba: bashi nawa aka ɗauka don kai yaro likita?

Ranar zubi muka kawo maganar gaban ƙungiya. Ba a rabu da daɗi da farko ba. Mai sayar da ruwan sanyi ta miƙe ta ce: "To ni cikin mi zan ƙulla? Ko tahin hannuna?" Gaskiyarta. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigowa da irin ledar nan marar kauri da sayar da ita a Nijar, amma ga ta nan ko'ina, don ba a ba talaka abin da zai maye ta ba. Ba mu da maganin wannan dukansa. Sai muka tsaya ga abin da hannunmu ke kaiwa, muka yanke biyar:

1. Kowace za ta ƙara dala biyar bisa zubinta na sati, a aje shi daban. Da shi za mu sayi manjagara da shebur, mu biya mai amalanke ya kai shara inda hukuma ta keɓe, ba kwazazzabo ba.

2. Kowane gida a gina ramin ruwan wanka: a haƙa, a cika da duwatsu da tsakuwa, a rufe bakinsa. Ƙasa ta shanye, lungu ya bushe. Amma ramin, da shi da salanga, su yi nisa da rijiya, aƙalla mita 30.

3. Ruwan rini, ruwan soda, baƙin man mashin da mataccen batir ba su shiga kwata. Masu rini da sabulu su yi raminsu daban, nesa da rijiya da inda yara ke wasa.

4. Masu koko da fura da ƙosai su riƙa yi ma wanda ya zo da kwanonsa gyara, kamar yadda iyayenmu ke yi. Masu ruwan sanyi su rataya buhu kusa da su don tara ledar da aka sha.

5. Kafin ruwan farko, cikin watan Mayu, mu fito gayya mu yashe kwatar unguwa, mu gayyaci maza da samari, mu sanar da mai unguwa.

Salati kuwa ba mu bar ci ba, kuma ba mu ce ku bari ba, masu lambu ƴan'uwanmu ne. A ɓare shi, a wanke da ruwa mai tsabta, a jiƙa cikin ruwan da aka ɗiga ma jabel, a ɗauraye. Ƙarfin jabel ya bambanta, don haka ku je da kwalbarku likita a nuna maku awo. Inna da ta yi ƙorafi a Yamai, yanzu ita ce ke tsare jikokinta sai ganye ya jiƙa.

Zuwa yau gida bakwai cikin ƙungiyarmu sun gina rami. Lungunmu bai bushe duka ba, don akwai maƙwabtan da ba su shigo ba tukuna, kuma kwazazzabon na nan da shararsa. Amma mun san hanyar ruwanmu yanzu, daga bakin randa har fadama.

Ƴan'uwa na Damagaram da Tawa masu tabkuna a cikin gari, da na Yamai masu Gunti Yena, da na ƙauyukan da ke bakin ƙorama, ga roƙonmu. Ku zaɓi safiya guda, ku fito ku uku ko huɗu, ku bi ruwan wankinku da ƙafa har inda ya tsaya. Ku tambayi tsofaffin unguwa yadda wurin yake suna yara, da wa ke sha daga gare shi yanzu. In kun komo ku aiko mana da abin da kuka gani, mu karanta ma juna.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mana ɗiyanmu. Sai wata na gaba.